Rasuwar Piyatissa, Mai Kawo Mana Ganyen Bulat

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Jin Daɗin Mahaƙan Duwatsu Masu Daraja ta Galkandura da Kewaye, a gundumar Ratnapura, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Majalisar Dattawanta, da shugabannin ramuka talatin da ɗaya, da ɗaukacin 'ya'yanta, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Mataimakin Shugabanta kuma Sakataren Lafiyarta, Dattijo Udagedara Piyatissa, wanda babba da yaro ke kira Yaya Piya, ranar Lahadi sha biyar ga watan Yuni da hantsi, a babban asibitin gunduma, yana da shekara hamsin da tara a duniya, bayan jinyar kwana takwas ta zazzaɓin ɓera, cutar da likitoci ke kira leptospirosis, wadda ta biyo bayan ambaliyar kogin Kalu. Ya bar matarsa, Uwargida Dayawathi Menike, da 'ya'ya biyu, Nilmini da Chathura, da jika ɗaya.

Muna ba jama'a haƙuri, wannan takarda za ta fi ta'aziyyar da aka saba tsawo, kuma za ta faɗi abin da ba a saba faɗa a ta'aziyya ba, domin a daidai lokacin da ake rubuta ta akwai mutum ɗaya daga cikinmu kwance a bayan ƙofa a kulle da irin wannan zazzaɓin, yau kwanansa huɗu, ya ƙi asibiti, ya ƙi buɗe wa kowa. Shi ne Dattijo Sirisoma, shugaban ramin da ke ƙasan gonar roba, abokin marigayi tun suna yara. Za a zagaya ƙauye da wannan takarda ana karanta ta da lasifika a kan keke mai ƙafa uku, kuma mun umarci mai keken ya tsaya a ƙofar gidan Sirisoma ya kashe inji, a karanta ta daga farko har ƙarshe, in ya so a maimaita.

Marigayi Dattijo Piyatissa ya fara shiga rami yana ɗan shekara sha bakwai, ya ɗauki kwandon tsakuwa, ya wanke ta a rafi, ya kafa katako a ramukan da wasu suka ji tsoron leƙawa, har ya zama shugaban rami, kafin ciwon gwiwa ya fito da shi sama shekara tara da suka wuce. Amma hidimar da za a fi tuna shi da ita ta fara ne shekara goma sha huɗu da suka wuce, bayan wata ambaliya irin ta bana, lokacin da zazzaɓin ɓera ya ɗauke mana mutum bakwai cikin wata guda, cikinsu har da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. A lokacin ne ofishin lafiya na yanki ya aiko da mai duba-gari ya tara mu a harabar haikali, ya bayyana mana cewa ƙwayar cutar tana cikin fitsarin ɓera da na shanu da karnuka, ambaliya ta kwashe ta ta zuba a ramuka da gonakin shinkafa, ta shiga jikin mutum ta faso ko yanka ko ido ko baki. Ya ce akwai kafso biyu da mai aiki cikin ruwa zai riƙa sha sau ɗaya a mako, kyauta, muddin yana shiga ruwan. Muka gyaɗa kai, muka karɓa, muka gode masa.

Kunya ce, amma gaskiya ce: ba mu sha ba. Wasu suka ce kafson yana zafafa jiki, wasu suka ce yana ƙona ciki, wasu suka ce kakanninsu sun yi shekara sittin cikin taɓo ɓera bai kashe su ba. Aka riƙa tsintar kafso a ƙullin zani da cikin akwatin ashana da kan dakalin mai shayi. Yaya Piya ya duba wannan hali namu, ya san cewa wa'azi ba ya shiga kan mahaƙi, sai ya koma bayan gidansa inda yake da itacen bulat, ganyen nan da muke taunawa kamar goro, ya tsinko ganye arba'in, ya jera su ɗauri guda kamar yadda ake yi in za a gayyaci mutum biki ko a nemi gafarar iyaye ranar sabuwar shekara, ya ɗora kafso biyu a kai, ya je ya tsaya a gaban mutumin farko ya miƙa masa da hannu biyu. Kowa a nan ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ya karɓi ganye ya karɓi roƙon da ya zo da shi, wanda kuwa ya bar mutum tsaye da ganye a hannu ya yanke zumunci a gaban jama'a. Mutumin ya dubi ganye, ya dubi Yaya Piya, ya ce, "Haba Yaya, da wannan za ka kama ni?" Yaya Piya ya ce, "Da shi fa, ƙanena. Ga ruwa, ga gurasar kwakwa, Dayawathi ce ta gasa, kada ka sha da cikin yunwa ka ce na ƙona maka hanji."

Tun daga ranar, duk damina, duk Lahadi, sai an ga Yaya Piya yana ɗingishi daga rami zuwa rami da jakar ganye a kafaɗa da gorar ruwa a hannu, kuma ba ya barin wuri sai ya ga maƙogwaro ya motsa. In mutum ya ɓoye kafso a kumatu, sai ya ja shi da hira, ya tambaye shi lafiyar surukarsa da kuɗin taki, har ɗacin ya narke masa a baki ya haɗiye dole. Ofishin lafiya ke ba da maganin, jami'ansa ke koya mana alamomin cutar, kuma wannan ƙungiya tana yaba musu, amma su da kansu sun sha faɗa a taro cewa a yankinmu ne kawai maganin da suka aiko yake ƙarewa a cikin mutane. Shekara goma sha uku a jere ba mu binne mahaƙi ko ɗaya saboda zazzaɓin ɓera ba.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, kuma shi ne wanda ya fi kowa kusa da shi. Dattijo Sirisoma bai taɓa ƙin ganye ba, domin bai taɓa bari a miƙa masa ba. In ya hango ɗingishin abokinsa daga nesa, sai hannuwansa su cika da taɓo, ko ya goye su a baya yana duban sama, ko ya tuna ana nemansa a kasuwa. Wani mako a kama shi, wani mako ya sille. Abin ya zama wasa tsakaninsu, mu ma muna dariya. Yaya Piya ya kan ce masa, "Kai tsohon kada, wata rana zan kama ka a inda ba ka da wurin gudu." Shi kuma ya ce, "Gurgu, ka fara kamo ni tukuna."

Ambaliyar bana ta kwana uku a kanmu, ta cika ramuka har baki, ta bar mushen dabbobi a magudanai. Ranar Lahadi ɗaya ga Yuni, ruwa ya ja, mutanen Sirisoma su goma sha ɗaya suna ta fama da injin zuƙo ruwa da taɓo ya toshe wa baki, sai ga Yaya Piya da jakarsa. Goma sha ɗayan duka suka karɓi ganye suka sha. Sirisoma kuwa da ya ga layi ya kusa zuwa kansa, sai ya kama tsani ya sauka cikin rami, wai zai duba bakin bututu, ya tsaya cikin ruwa iya ƙirji yana dariya, yana cewa daga ƙasa, "Gurgu, in kana so na, ga ni nan!" Ya san abokinsa ya shekara tara bai taka tsani ba. Waɗanda suke wurin sun shaida mana cewa Yaya Piya ya cire takalman ruwansa ya ajiye gefen fitilar man kwakwa da ake kunnawa a bakin rami, domin a al'adarmu rami wuri ne mai alfarma, ba a shigarsa da takalmi, kuma shi ba mutumin da zai karya wannan ba ne, ga shi kuwa da faso a dugadugai biyu da yankan kwanon rufi a tafin ƙafa tun ranar da yake kwashe kayan maƙwabta. Ya riƙe ganye da haƙori, ya sauka mataki-mataki, ya tsaya cikin ruwan nan, ya miƙa da hannu biyu. Sirisoma ya karɓa, ya sha, rami duka ya ɗauki ihu da tafi.

Ni mai sa hannu a wannan takarda, da na ji labarin a shagon shayi da yamma, na yi dariya har da buga tebur. Babu wanda ya tambaya a cikinmu ko shi Yaya Piya ya sha nasa.

Bai sha ba. Tun da ya bar shiga rami ya ɗauki kansa a matsayin mutumin tudu, kuma, ga abin da wannan ƙungiya take so ta faɗa da bakinta kafin wani ya faɗa mata, a cikin shekara goma sha huɗu babu ko mutum ɗaya daga cikinmu, daga Shugaba har mai ɗaukar kwando, da ya taɓa tsinkar ganye ya je ƙofarsa. A idonmu shi ne mai miƙawa, kuma mutum ba ya miƙa wa kansa ganye. Mun karɓa daga hannunsa sau ɗaruruwa, mun ci gurasar matarsa, mun koma gida da lafiyarmu. Wannan sakaci namu ne, na ƙungiya, kuma ba za mu rataya shi a wuyan mutum ɗaya ba.

Ranar Lahadi takwas ga wata zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar zagaye, ya koma gida bai kai ramin ƙasan gonar roba ba. Ya ce gajiyar kwasar taɓo ce. Sharaɓarsa na ciwo kamar an doke shi da sanda, ya ce gwiwar nan ce ta tashi. Shi da ya koya wa ƙauye guda cewa zazzaɓi bayan ambaliya na asibiti ne tun ranar farko, ya kwanta yana shan dafaffen ruwan ƙwayar kottamalli da citta, maganin gargajiyarmu na mura, kamar kowa, yana ce wa matarsa, "Bari in gama zagayen nan, akwai ramuka shida da ban kai ba." A kwana na huɗu idanunsa suka yi jajur, fitsari ya ragu. A na biyar ɗansa Chathura ya ɗauke shi cak ya sa a mota. Likitoci da ma'aikatan jinya sun yi iya ƙoƙarinsu, sun yi masa wankin ƙoda, sun sa masa na'urar numfashi da jini ya fara taruwa a huhu, kuma iyalinsa sun roƙe mu mu miƙa musu godiya. Babban likitan ya faɗa wa Uwargida Dayawathi a fili cewa da an kawo shi kwana uku kafin nan, da wataƙila da ƙafarsa zai koma gida.

Wannan ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Uwargida Dayawathi Menike, da Nilmini, da Chathura, da dukkan dangin Udagedara na kusa da na nesa, da Mai Girma Babban Limamin haikalin Galkandura wanda marigayi ya yi wa hidima a kwamitin haikali, da Mai Girma Jami'in Lafiya na Yanki da mai duba-garinmu, da 'yan'uwanmu Tamil da Musulmi na cikin ƙungiya waɗanda tun daren jiya suke ɗaura fararen tutoci a kan hanya tare da mu. Muna addu'ar iyalinsa su samu juriya da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, ladan rayukan da ya tsare ya bi shi, ya kuma samu Nibbana, hutun da babu sauran wahala bayansa. Gawa tana gidansa, za a yi jana'iza gobe Laraba da ƙarfe uku na rana, sadakar kwana bakwai kuma ranar Asabar.

Majalisar Dattawa ta zauna jiya ta yanke cewa zagayen Lahadi ba zai tsaya ba ko na mako guda. Mutum shida za su raba ramukan, kuma kafin kowannensu ya fita da jakarsa, sai wani ya tsaya a ƙofarsa ya miƙa masa nasa ganyen ya ga ya haɗiye. Duk wanda ya shiga ruwan ambaliya, ko a rami, ko a gonar shinkafa, ko wajen yashe rijiya da share gida, ya je ofishin lafiya, masu juna biyu da ƙananan yara kuma kada su sha kafson sai likita ya duba su ya faɗi abin da ya dace da su. Kafson ma ba katanga ba ne, wanda ya sha yana iya kamuwa. Saboda haka duk wanda ya ji zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sharaɓa, ya tafi asibiti ranar, ya faɗa wa likita da bakinsa cewa ya shiga ruwa. A ajiye kottamalli sai an dawo. Motar ƙungiya tana gaban shagon shayi dare da rana. Maganar takalmi a rami kuwa mun kai ta gaban Mai Girma Babban Limami, ya ce bai san wani abin girmamawa da yake neman ran mutum ba, don haka daga yau mai faso ko yanka ba zai sauka ba sai da takalmin ruwa, wanda kuma ya ga hakan rashin ladabi ne ya zo ya same ni, ni mai sa hannu a wannan takarda, mu yi ta.

Yanzu kuma gare ka, Yaya Sirisoma. Mun san kana jin mu. Mun san makon da abokinka ya kwanta babu wanda ya kawo maka kafso, ka ci gaba da shiga rami, ranar Asabar zazzaɓi ya kama ka. Matarka ta gaya mana abin da ka ce da ka kulle ƙofa, wai kai ka ja shi cikin ruwa, don haka abin da ya ci shi ya zo ya ci ka, ba ka da fuskar da za ka kalli Dayawathi. To ka saurara. Wasa ka yi, irin wanda kuka shekara hamsin kuna yi, mu kuma muka yi dariya tare da kai. Mutumin nan ya sauka tsani da gurguwar gwiwa domin ka rayu, yanzu kai kana so ka mayar da saukar tasa ta banza? Haba! Yau kwananka huɗu, kuma ka san abin da ya faru da shi a kwana na huɗu. Iyalinsa ba su zarge ka ba, ƙungiya ba ta zarge ka ba, mota tana jira.

A nan wannan takarda ta ƙare yadda Majalisa ta amince da ita. Na karanta wa Uwargida Dayawathi ita da safen nan a gefen akwatin gawa, kamar yadda ya kamata kafin a fitar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ƙanena, rubutunka ya yi kyau, amma Sirisoma ba ya jin lasifika." Ta tashi ta zagaya bayan gida. Mata suka bi ta suna cewa matar mamaci ba ta fita alhali gawa na ɗaki, ta ce musu shi wanda ke ɗakin ba zai yi fushi ba. Ta tsinko ganye arba'in daga itacen mijinta, ta jera, ta taka da fararen kayanta har ƙofar Sirisoma, mu muna biye da ita kamar yara.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta tsaya cikin rana da ganye a hannu biyu, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya Sirisoma, mata ba sa zuwa bakin rami, don haka ba zan iya bin ka can ba. Amma ƙofar gida na iya tsayuwa, kuma mijina yana kwance yana jira na. Kai za ka faɗi tsawon lokacin da zai jira." Mun tsaya abin da ya kai minti goma. Sai sakata ta motsa. Ya fito yana dafa bango, idanunsa jajur, hannu ɗaya goye a baya don sabo. Ya dube ta, ya dubi ganyen, ya fito da hannun, ya karɓa da biyu, ya durƙushe yana kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba, ni ma kuma na yi.

Da muka sa shi a mota ya roƙi a biya da shi ta gidan marigayi ya yi masa gaisuwar ƙarshe. Uwargida Dayawathi ta ce a'a. Ta ce, "Shi ma cewa ya yi bari ya gama zagaye. Asibiti za ka wuce kai tsaye. Ranar Asabar ina da limamai goma sha biyu da zan ciyar, kuma kai za ka ɗauko mini tukunyar shinkafa, don haka ka san yadda za ka yi ka warke."

An kwantar da shi da ƙarfe goma da rabi, an fara masa allura, likita ya ce ƙodarsa tana aiki, kwana biyu masu zuwa ne za su nuna. Ma'aikaciyar jinya ta so ta karɓi ganyen ta ajiye masa a loka, ya ƙi saki. Mai keken zai zagaya da wannan takarda duk da haka, domin akwai ramuka shida da Yaya Piya bai kai ba, kuma yau da yamma za mu kai.

Mudunkotuwage Ariyasena
Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Jin Daɗin Mahaƙan Duwatsu Masu Daraja ta Galkandura da Kewaye
Talata, sha bakwai ga watan Yuni